Ina Manomi a Kan Allon Yaƙi?

Akwai wasu mutane a Turai da Amurka waɗanda abin sha'awarsu shi ne su shimfiɗa taswira a kan tebur, su jera 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, su sake buga yaƙin da aka gama shekaru ɗari ko dubu da suka wuce. Akwai malamin makaranta a cikinsu, akwai direba, akwai tsohon soja. Kowane wasa yana da littafin dokokinsa, wanda ke faɗin nisan da doki zai yi a taku ɗaya, da inda harsashi zai kai, da lokacin da runduna za ta karaya ta gudu. Mu da muka saba yin sharhi a kan littattafan hikaya muna ganin wannan littafin dokoki ma rubutu ne, ya kuma cancanci a yi masa irin karatun da ake yi wa labari. Marubucin labari yana zaɓar wanda zai yi magana da wanda zai yi shiru. Mai tsara wasa yana zaɓar wanda zai motsa da wanda za a taka.

Abin ya samo asali ne daga barikin soja. A 1824 wani hafsan ƙasar Farusiya, wadda yanzu wani ɓangarenta yake cikin Jamus, mai suna Georg von Reisswitz, ya nuna wa manyansa wani wasa da ake kira Kriegsspiel, wanda ake bugawa a kan taswira ta gaske, da alƙali a tsakani. Rundunar ta karɓe shi don horar da hafsoshi. A 1913 marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin Little Wars, ya shigar da abin cikin falon farar hula. A Amurka kuma Charles Roberts ya fito da wasan Tactics a 1954, daga baya ya kafa kamfanin Avalon Hill. Tun daga nan wasannin suka yi ta yaɗo, amma ba su bar gadon gida ba: wanda ke zaune a bakin tebur kullum kwamanda ne, yana leƙen ƙasa daga sama kamar shirwa.

Littattafai biyu ne suka fi shafarmu, domin sun taɓa zamanin da Turawa suka ci ƙasashenmu. Na farko shi ne The Sword and the Flame na Larry Brom, wanda ya fito a 1979. Na biyu The Men Who Would Be Kings na Daniel Mersey, wanda kamfanin Osprey ya buga a 2016. Dole a ba su haƙƙinsu. Dokokinsu ba su da sarƙaƙiya, yaro ɗan sakandare zai kama su a zama ɗaya. Brom ya yi dabara mai kyau da ya sa karta ta riƙa yanke wanda zai motsa, har mai wasa ba ya sanin ko shi ne na gaba, kuma wannan rashin tabbas ya fi kama da fagen fama fiye da "ka yi, in yi". Mersey kuma ya ba kowane jagoran rukuni hali nasa, wani jarumi, wani matsoraci, wani shashasha, abin da ke sa kowane zama ya haifar da labari sabo.

Amma a duba yadda aka raba duniya a cikinsu. A wasan Brom, jar karta ta sojan Ingila ce, baƙa ta 'yan ƙasa. A na Mersey, mayaƙa kashi uku ne: horarru, da marasa cikakken horo, da 'yan ƙabila. Har ma akwai wani tsari da ya tanada wanda idan abokai suna so su zauna gefe ɗaya, sai jadawali da ɗan ludo su tafiyar da 'yan ƙasa, suna ɓullowa daga daji suna afkawa. Ma'ana, ana iya buga wasan ba tare da wani ɗan Adam ya zauna ya yi tunani a madadinsu ba.

Mu ɗauki wannan ma'auni mu auna 1903. Kanar Morland ya tashi daga Zariya da sojoji kimanin 700, ya fasa Bebeji, ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu. Turawan da ke cikin tafiyar 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙaƙen fata ne, da yawansu Hausawa. To, jar karta ta wa ce ke nan? Bayan su kuma ga ayarin 'yan dako da ke ɗauke da harsashi da abinci a ka, waɗanda in sun ajiye kaya yaƙin ya tsaya. A ɓangaren Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, kuma ƙasar ba ta gama warkewa daga basasar Tukurawa da Yusufawa ta 1893 zuwa 1895 ba. A Sakkwato, bayan 15 ga Maris, muhawarar da ta raba malamai da sarakuna ita ce a yi hijira ko a zauna a yi sulhu don kare jama'a. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli, Waziri Buhari ya zaɓi zama. Nan ne ainihin zaɓin yake, irin wanda ke hana mutum barci. Dokar da ta tara duk waɗannan mutane ta kira su 'yan ƙabila ba ta da gurbin da za ta sa shi. Abin da ya rage mata kawai lissafin yawan mahayan da za su faɗi kafin su isa bakin bindiga mai ruwa.

Su kansu masu wannan sha'awa sun fara jin ƙaiƙayin abin. A 2019 kamfanin GMT na Amurka ya janye wani wasa da yake shirin bugawa mai suna Scramble for Africa, bayan an yi ta ƙorafi cewa 'yan wasa duk Turawa ne masu rabon ƙasa, mutanen Afirka kuwa ba su da ta cewa. Wannan ci gaba ne. Sai dai gyaran da aka fi kawowa shi ne a ba sarkin baƙar fata kujera a bakin tebur. Mu a nan muna ganin ko an yi haka da sauran rina a kaba, domin sarki ma daga sama yake kallon ƙasa.

Ba baƙi ba ne mu a wasan dabarun yaƙi. Dara tana nan a gindin bishiyoyin Funtua da Bakori da Malumfashi: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawa. Babu sa'a a cikinta ko ta anini, rabin wasan ma yana ƙarewa ne tun a wajen dasa 'ya'ya, kamar yadda sansani mai kyau ke yanke hukuncin yaƙi kafin a zare takobi. Langa kuwa ta fi kusa da fagen daga. Akwai ruwa, wanda in ya kai gida an ci, in an kayar da shi an sha kaye, ga kuma dawakai masu tare masa hanya da ƙirjinsu. Darasin langa shi ne ƙarfi duk na kare wani ne. Abin da waɗannan wasanni namu ba su da shi shi ne tarihi. Dara ba ta san Maraɗi ba, langa ba ta san shekara ba. Wasan Turawa yana da tarihi amma ya bar mu a waje. Tsakanin biyun akwai fili, kuma har yanzu saura ne.

Wanda zai fara sharar wannan fili, zuciyarsa za ta fara kai shi Tafkin Kwatto, 1804. Muna ba shi shawara ya dakata. Wasa ba ya zama wasa sai kowane ɓangare yana iya ci. In doka ta bar Yunfa ya yi nasara a kan jama'ar Shehu, mai tsara wasan ya san irin kallon da za a yi masa a unguwa. In kuma ta hana, to ya rubuta darasi ne ya lulluɓe shi da rigar wasa. Ga kuma zuriyar ɓangarorin biyu suna raye, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya. Amma ko a cikin wannan tarihin akwai abin da ke nuna wata hanya. Bayan asarar Tsuntsuwa, ƙarancin abinci ne ya tura jama'ar zuwa Zamfara a 1805. Hatsi ya juya akalar rundunar da takobi bai juya ba.

Hatsi kuwa shi ne labarin kudancin Katsina. Ƙasar Maska da ta Galadima a Malumfashi sun daɗe suna ciyar da wasu da dawa, suna tufatar da su da auduga, tun kafin jirgin ƙasa ya iso Funtua, tun kafin injin gurzar auduga. Bayan Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, sarakunan Haɓe suka kafa Maraɗi, kuma shekaru masu yawa mahayansu ba su daina kawo hari kudu ba, daga zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau. Daga wancan gefe kuma ga mutanen Kwantagora. Wanda ya karanta aikin Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883, ko na Joseph Smaldone na 1977 a kan yaƙi a daular Sakkwato, zai fahimci cewa ba kullum ake babbar arangama ba. Abin da talaka ya fi sani shi ne hari: a zo da asuba, a kwashi mutane da dabbobi, a ɓace. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa, kan hanyar Zariya zuwa Funtua, littafin ya fito a 1954, ta faɗi yadda mahayan Mai Sudan suka kwashe danginta, da yadda aka yi ta haɗa wuri don fansarsu. A littattafan Brom da Mersey, ƙauyen Baba ba zai wuce 'yar bukkar kwali da ake ajiyewa a tsakiyar tebur don sojoji su laɓe ba.

A ce a juya allon. 'Yan wasa huɗu, kowa mai gida ne a ƙauye ɗaya, duk gefe ɗaya suke. Zagaye uku ne shekara: damina, kaka, rani. Kowane gida yana da 'yan hannaye ƙalilan, kuma hannun da ya tafi gyaran ganuwa ko yanko ƙaya don kafi bai yi noma ba. Gonar da ke kusa da gari ta gaji, ta nesa tana da albarka amma tana bakin daji. Hakimi zai aiko a ba da hatsi da samari don yaƙin sarki, in an ƙi babu mai kawo ɗauki ranar tsanani. In aka kama ɗan maƙwabci, za ka buɗe rumbunka a fanso shi, ko za ka riƙe irin shuka? Mahara ba wanda ke buga su, daga tarin katin da aka kife suke fitowa, kuma hakan ya raba wasan da ɗan ludo wanda malamai da yawa ba sa so. Nasara ita ce a kai shekara goma da rumbu da mutane. Mai gaskiya kuma ba zai ɓoye cewa wasu gidajen da ake kai wa hari su ma suna da bayi a rinji ba, kuma bawan yana da nasa lissafin idan ƙofa ta buɗe. An gwada irin wannan juyi a wasu wurare ya kuma karɓu. This War of Mine, wanda 'yan Folan suka fitar a kwamfuta a 2014 kafin ya koma kan tebur, yana sa ka a matsayin farar hula a garin da aka yi wa ƙawanya, kana neman ruwa da magani.

Mun san abin da mai karatu a Faskari ko Sabuwa ko Ɗandume zai ce: wannan ai ba tarihi ba ne, jiya ne. Yana da gaskiya. A Disamba 2020 aka kwashe yara sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, kuma akwai ƙauyukan da sai an biya 'yan bindiga kafin a girbe gona. Wanda ya sayar da shanunsa ya fanso ɗansa ba ya bukatar kati ya koya masa komai, kuma rashin kunya ne a kai masa wannan allo. Masu bukatarsa su ne waɗanda ke birni, masu cewa "me ya sa ba za su tashi ba?" ko "me ya sa suke biya?" Labari yana sa ka tausaya wa mutum. Wasa yana sa ka yanke hukuncin da hannunka, ka ga rumbu ya ƙare saboda zaɓinka, sannan bakinka ya yi nauyi wajen zargi. Sharaɗin kawai shi ne kada dokar ta sa hari ya zama abin daɗi. Duk wasan da zai ba yaro maki don ya kwashe ƙauye, gara a bar shi a cikin kwali.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba. A Abuja, Kenechukwu Ogbuagu ya kafa NIBCARD Games, yana tsara wasanni yana buga su a cikin gida, har kamfanin ya karɓi lambar Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fage. Kwali da almakashi da ƙwayar masara sun isa gwajin farko. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne sanin ƙasa: wane wata rafi ke hana doki wucewa, kwana nawa damin dawa ke kai gida mai mutum goma, me ya sa tsofaffin garuruwa suka jingina da duwatsu. Wannan sani yana bakin tsofaffinmu, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Marubutanmu matasa da suka iya ƙulla labari mai babi sittin a waya ba za su gaza rubuta shafi huɗu na doka ba. Sai dai kafin su ɗora alƙalami, su fara yanke shawarar wanda za su zaunar a bakin tebur.