Horar da Ma'aikata ta Intanet da Matsalar Ma'auni

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta wa ofisoshi rufe ƙofofinsu, horar da ma'aikata ya ƙaura daga zauren taro zuwa kwamfuta da wayar hannu, kuma ko bayan ɗage dokar kulle manyan kamfanoni ba su koma wa tsohon tsari gaba ɗaya ba. Sai dai sauyin ya girmi annobar, domin tun a 2002 Martin Dougiamas na ƙasar Ostareliya ya fitar da Moodle, wato manhajar da ake ɗora darussa a kanta a kuma bi diddigin masu karatu, a 2015 kuma LinkedIn ya sayi Lynda.com a kan kimanin dala biliyan 1.5 don mallakar tarin darussanta na bidiyo. A 2019 Amazon ya yi alƙawarin kashe dala miliyan 700 wajen sake horar da ma'aikatansa 100,000 a Amurka.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake, tunda ma'aikacin banki a reshen Sakkwato ko Maiduguri yana iya samun darasin da takwaransa na Legas ya samu a rana guda, ba tare da kuɗin mota ko na masauki ba. Inda gizo ke saƙar shi ne ma'aunin da shugabanni suke dogara da shi wajen yanke hukuncin cewa an yi nasara. Manhaja tana ƙirga waɗanda suka shiga, da mintunan da suka kalla, da takardun shaidar da aka raba, kuma saboda waɗannan alƙaluma suna da sauƙin samu da kyan gani a rahoton ƙarshen shekara, sannu a hankali sai su koma su ne burin da ake nema.

Tun a 1959 Donald Kirkpatrick ya kasa tantance horo zuwa matakai huɗu: yadda mahalarta suka ji game da shi, abin da suka koya, sauyin da aka gani a yadda suke aiki, da kuma sakamakon da ma'aikatar ta samu. Manhaja tana iya auna mataki na farko da wani ɓangare na na biyu, amma na uku da na huɗu, waɗanda dominsu aka kashe kuɗin, sai shugaban sashe da ke ganin ma'aikaci kullum ne zai iya shaidarsu. Haka kuma binciken da Hermann Ebbinghaus ya wallafa a Jamus a 1885 ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri idan ba a maimaita shi ba, wanda ke nufin darasin bidiyon da ba a yi aiki da shi cikin 'yan kwanaki ba kusan asara ne, komai ingancinsa.

A Najeriya lamarin yana da ƙarin fuskoki. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da kamfanoni ke biya a shekara, yana kuma mayar musu da wani kaso idan sun kawo shaidar sun yi horo, kuma duk tsarin da ya rataya a kan takarda yakan sa a fi kula da tara takardar. Ga kuma batun alawus, domin a ma'aikatu da dama tafiya kwas hanya ce ta samun ɗan abin sawa a aljihu, saboda haka ma'aikacin da aka ce ya yi kwas a wayarsa, da datarsa, bayan an tashi aiki, ga ƙarancin wutar lantarki, yana da dalilin yin sanyin jiki wanda bai shafi ƙin ci gaba ba.

Zuwan ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da ke rubutu da amsa tambaya irin ChatGPT da ya fito a ƙarshen 2022, ya sa shirya darasi ya yi arha ƙwarai, kuma hakan zai ninka yawan darussa ba tare da ya ƙara wa ma'aikaci ko awa ɗaya ta karatu ba. Saboda haka aikin mai jagorantar wannan sauyi ya fi sayen manhaja nauyi: dole ya ware lokacin koyo a cikin lokacin aiki, ya ɗauki nauyin data, ya tanadi bayani da harshen da direba ko mai gadi yake ji, sannan ya ɗora wa kowane shugaban sashe alhakin ba ma'aikaci aikin da zai gwada abin da ya koya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai ta yi mai, kuma hukumar gudanarwar da aka kawo wa adadin takardun shaida tana da haƙƙin tambayar wane kuskure ne ya ragu, wane aiki ne kuma ya ƙara sauri, kafin ta amince da kasafin baɗi.