Toron Giwa da Bindiga Mai Baki Biyu

A cikin littattafan Turanci da kan faɗo hannun 'yan makaranta akwai wani iri wanda maharba suka rubuta, watau Turawan da suka zo ƙasashen Afirka da manyan bindigogi, suka koma gida suka ba da labari. Da wuya ka buɗe ɗaya daga cikinsu ba ka tarad da babin giwar farko ba. Yara kuwa suna son irin wannan babi ƙwarai, don akwai faɗuwar gaba a ciki. To, yau mun ɗauko wanda ya fi saura suna, za mu auna shi, mu ga inda ya cika mudu da inda ya kasa. Sa'an nan mu juyo da shi gida, mu karanta shi daga bakin Kwara, a ƙasar Yawuri.

Mai littafin shi ne Theodore Roosevelt, wanda ya shugabanci Amurka daga 1901 zuwa 1909. Saukarsa daga mulki ke da wuya sai ya shiga jirgin ruwa tare da ɗansa Kermit, suka sauka Mombasa cikin watan Afrilu na 1909. Sun ce sun zo ne su tara fatu da ƙasusuwan namun daji domin gidan ajiya na Smithsonian da ke Washinton. Littafin ya fito a 1910, sunansa African Game Trails, watau sawun namun dajin Afirka.

Kafin mu shiga labarin sai mun bayyana muku bindigar, gama ita ce ginshiƙinsa. Bakinta biyu ne a jere, kowane da kunamarsa. A cikin kowane baki an yi wani zane mai murɗewa, wanda ke juya harsashi ya tafi sak, ga nan ta bambanta da bindigar harbin tsuntsaye. In za a ɗura ta sai a karya ta daga gindi, a zub da kwanso, a sa harsashi biyu. Amfaninta shi ne mutum ya harba sau biyu ba jinkiri, in kuma baki ɗaya ya ƙi tashi ɗayan na nan. Aibinta kuwa, biyun nan su ke nan. Ta Roosevelt maƙeran Holland & Holland na Landan suka ƙera ta, waɗansu mutanen Ingila su 56 suka haɗu suka ba shi kyauta.

Ga yadda abin ya auku a taƙaice. Cikin watan Agusta na 1909 ya shiga kurmin da ke jikin Dutsen Kenya, tare da wani gwanin maharbi mai suna Cuninghame, da masu bin sawu mutanen dajin, waɗanda ya kira Ndorobo. Suka yi ta bin sawu cikin sanyi da laima har suka cim ma garke. Wani toro ya bayyana, Roosevelt ya auna kusa da ido ya harba, amma harsashin bai sami ƙwaƙwalwa ba. Ya saki baki na biyu, toron ya faɗi. Kafin ya sake ɗuri sai ga wani toro dabam ya keto kurmi ta hagunsa, kusa ƙwarai har hannunsa na iya taɓa shi. Ya yi tsalle ya fake bayan itace yana karya bindiga. Cuninghame ya harba nasa biyun, toron ya juya ya shige duhu. Hauren wanda ya faɗi, biyun duka, sun yi laba 130. Da dare ya yi, tsohon shugaban Amurka ya tsire yankan zuciyar giwa a tsinke, ya gasa, ya ci.

Abin yabo na farko a babin nan shi ne gaskiya. Maharbi da masunci an san su da ƙarin gishiri, amma wannan bai ɓoye cewa harbinsa na fari ya kuskure ba, bai kuma ɓoye cewa da abin ya yi tsanani itace ya tsare shi, abokinsa ya kore masa mutuwa ba. Mutumin da ya mulki babbar ƙasa ya rubuta da hannunsa cewa ya laɓe bayan itace, lalle wannan ya isa a gaskata shi a sauran zancensa.

Na biyu shi ne jeri. Ku lura, ya ku 'yan makaranta, da yadda lissafi ke riƙe da labarin. Mai karatu ya san harsashi biyu kaɗai ke cikin bindiga. Ɗaya ya tafi, saura ɗaya. Ɗayan ya tafi, saura babu. Daidai nan toro na biyu ya fito. Marubucin ba ya bukatar ya yi ta gaya mana tsoro ya kama shi, domin mu da kanmu mun ƙirga, gabanmu ya faɗi tun bai ce kome ba. Duk mai son koyon ba da labari ya riƙe wannan: a sanar da mai ji iyakar abin da ke hannun mutum, sa'an nan a kawo abin da ya fi ƙarfinsa.

Amma fa akwai inda mudun bai cika ba. Wa ya gano sawun? Wa ya san inda iska ta dosa, ya duba kashin giwa ya faɗi ko yaushe ta wuce? Masu bin sawun ne. Ba domin su ba, da baƙon ya yi wata yana yawo da bindigarsa mai tsada bai ga ko wutsiya ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan wani ya yi gudun, wani ya ci sunan. Roosevelt ya ambace su, har ya yaba gwanintarsu, sai dai ya kwatanta su kamar mutanen da ba su da wani matsayi sai na daji, ya tsaya yana ba da labarin yadda suka auka wa nama. Shi kuwa da ya gasa zuciya bai ga kansa cikinsu ba. Yaro ɗan Afirka da ke karanta wannan ya kamata ya san a wane gefen labarin aka tsayad da irinsa.

Sai kuma giwar kanta. Toro na biyu ya tafi da harsashi biyu a jikinsa, hankalin labarin kuwa ya koma kan haure da fata. A 1936 wani marubucin Ingila, George Orwell, ya rubuta labarin ɗan sandan mulkin mallaka da ya harbe giwa a ƙasar Bama, don kawai kada taron da ke kallonsa ya raina shi. Shi ya tsayad da mai karatu a gaban dabbar tana numfashi da ƙyar, ta daɗe ba ta cika ba, har maharbin ya kasa jurewa ya tafi. Wanda ya karanta su biyun zai gane cewa Roosevelt ya rubuta abin da ya sami maharbi, Orwell ya ƙara da abin da ya sami giwa. Ba mu ce Roosevelt ba shi da tausayi ba, gama a babin nan ma ya nemi a yi doka a tsare giwa kada ta ƙare, ya kuma yarda tana ɓarna a gonaki. Duk da haka a ƙarshen littafin ya jera abin da shi da ɗansa suka harbe, dabbobi da manyan tsuntsaye 512, a cikinsu giwa 11.

To, ina ruwan Yawuri da wannan? Bindiga mai baki biyu ta riga zuwa ƙasar nan da shekara fiye da ɗari kafin harbin Roosevelt. Mungo Park ya wuce ta Kwara a 1806, ya halaka a Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Birnin Yawuri neman takardunsa. Ba su sami takardun ba, amma sun rubuta cewa an nuna musu takobi da bindiga mai baki biyu daga cikin kyautar da Park ya aika wa Sarki, suka ba da tasu ta harbin tsuntsaye aka musanya musu. Waccan ta zamanin ƙanƙara ce, ta baki ake ɗura ta. Labarinta yana rubuce domin ta Bature ce.

Makaman mutanenmu fa? Maharban ƙasar Hausa suna da sango, mashi mai dafi wanda akan cusa a bakin bindiga a harbi giwa da shi daga kusa, sa'an nan a bi ta har ta faɗi. Gungawa da Sarkawa kuwa a cikin jirgi suke tarar dorina da zago, abin da bikin Rigata na Yawuri ke tunawa da shi. Wanda ya tsaya gaban toro da harbi ɗaya tak, ba baki na biyu, ba Cuninghame a bayansa, ai bai gaza Roosevelt zuciya ba. Amma saninsu ya tsaya a baka. Kada kuwa mu yi wa kanmu daɗin baki: kirarin maharbanmu yana da aibi irin na littafin nan, maharbi ne kome, dabba ma'auni ce kurum ta ƙarfinsa. Tatsuniya ce ta fi su adalci, domin ita ta ba giwa baki ta yi magana, ko da Gizo ya yaudare ta ya haɗa ta ja-in-ja da dorina.

Abin da ya sa zancen ya yi nauyi shi ne giwar ta yi wuyar gani. An gama dam na Kainji a 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da gungu masu yawa. An keɓe dajin Bargu da na Zugurma, amma garkunan da tsofaffi suka sani a Bargu babu su. A 1989 ƙasashen duniya suka hana cinikin haure tsakaninsu. Lissafin da gwamnati ta fitar a 2024 ya nuna giwayen Nijeriya duka ba su wuce 400 ba, babban garken da ya rage kuwa yana Yankari. A 2018 da waɗansu 'yan giwaye suka ɓullo ƙasar Koko da Besse, maƙwabtan Shanga, jama'a suka yi ta zuwa kallo, gwamnatin Kebbi ta hana a taɓa su. Manoman da aka ci wa amfani kuwa nasu kukan dabam ne, kuma kuka ne na gaskiya. Wannan labari ne da ya fi na Roosevelt wuyar rubutawa, domin ba harbi a ƙarshensa.

Saboda haka shawararmu ita ce ku karanta babin, ku koyi jerinsa da gaskiyarsa, amma kada ku ari idon mai shi. Sa'an nan in an ba da hutu, ku 'yan Yelwa da Ngaski da Shanga, ku je wurin tsofaffin maharba da masunta, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su yadda ake gane sawu, da inda giwa takan ƙetare ruwa a da, da shekarar da aka ga ta ƙarshe. Ku rubuta da Hausa, ku sa sunan wanda ya gaya muku a kan takardar in ya yarda. Allah ya ba ku haƙurin bin sawu, amin.