Alƙalan Teburin Mai Shayi: Yadda Ake Yi wa Fim Shari'a a Dogon Daji

Matafiyin da ya biyo titin Sakkwato zuwa Jega, dare ya riske shi a Dogon Daji cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, zai iya cin karo da wata kotu da ke zama bayan sallar isha'i. Benci ne kujerar alƙalanta, gaban teburin mai shayi ko ƙofar shagon cajin waya. Duk wanda ya kalli fim daren jiya alƙali ne. Waɗanda ake tuhuma kuwa suna can Kano ko Mumbai, ba su ma san ana yi da su ba.

"Wagga yarinya ta ci amana," in ji wani, yana kaɗa shayinsa. Na kusa da shi ya karɓe: "Ai ni tun da nig ga idonta nis san munahuka ta." Na uku bai kai ga kallon fitowar wannan makon ba, sai roƙo yake a yi shiru kada a ɓata masa daɗi. Ba mai saurarensa.

Irin wannan zama ana yin sa a Sanyinna da Jabo, ana yin sa a Kuchi ta ƙasar Kebbe, kamar yadda ake yi a Fagge ko Maraɗi. Mutane sukan ɗauke shi hirar kashe dare. Amma idan aka auna yawan masu yinsa da tasirinsa, shi ne babban sharhin fim da Hausawa suke da shi, kuma yana da ƙa'idojinsa ko da ba wanda ya taɓa rubuta su.

Al'adar ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Tun zamanin Turawa motar majigi ke zagaya garuruwa tana haska farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi, a nuna fim irin su Baban Larai don koya wa manoma noman auduga na zamani. Hukuma darasi take son isarwa, jama'a kuwa washegari ba su da zance sai abin dariyar da suka gani. A birane an gina gidajen sinima: Rex ta Kano ta buɗe a 1937, a birnin Sakkwato kuma har yau akwai unguwar da ake kira da sunan sinima. Can ne 'yan kasuwa Kwarori suka shigo da finafinan Indiya, suka kuwa samu karɓuwar da ba su zata ba. Brian Larkin, wani masani da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta laƙabobin da masu kallo suka raɗa wa jaruman Indiya: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Duk mai neman sharhi a taƙaice ya duba waɗannan sunaye. Kalma biyu ko huɗu sun tattara dukan rawar da mutum ya shekara ashirin yana takawa.

Sai talbijin ta zo, NTA Sakkwato ta yi suna da wasan Idon Matambayi, Kaduna da Samanja. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya fara shiga ƙauyuka a cikin jakar fatake da 'yan cirani. Garuruwa irin Dogon Daji suka samu gidajen kallo masu janareta, inda yaro zai biya 'yan sulalla ya zauna a kan tabarma. Mujallar Fim, wadda Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, ta buɗe shafin wasiƙu, masu kallo suka riƙa aiko da yabo da zagi daga ko'ina. A shekarar ce kuma Sunusi Shehu Daneji ya ƙirƙiro sunan Kannywood a mujallarsa Tauraruwa. Amma masu iya rubuta wasiƙa su sayi kan sarki ƙalilan ne. Galibin hukuncin a baki ya tsaya.

To, da me waɗannan alƙalai suke auna fim?

Ma'auni na farko shi ne "ma'ana". Idan aka ce fim ya yi ma'ana, ana nufin an fito da darasi: azzalumi ya ga sakayya, mai haƙuri ya ci riba, ɗan da ya saɓa wa uwa ya wulaƙanta. Fim ɗin da ya ƙare mugu na yawo da ƙafarsa, ko da kuwa haka duniya take, sai a ce marubucin bai san aikinsa ba. 'Yan fim da kansu sun taimaka wajen kafa wannan ma'auni, domin shekara da shekaru, duk lokacin da malamai suka taso musu, amsarsu ɗaya ce: mu ma faɗakarwa muke yi. Wanda ya kira kansa mai wa'azi kuwa, ba zai yi ƙorafi ba idan aka auna shi da mudun masu wa'azi.

Daga nan sai hali. A majalisa ba a cika raba ɗan wasa da rawar da ya taka ba. Ana maganar Kamaye da Adama na Daɗin Kowa kamar maƙwabtan da ake jin hayaniyarsu ta katanga, har wani ya ba da shawarar abin da ya kamata Kamaye ya yi. Umar Hashim na Izzar So, wanda Lawan Ahmad ke fitowa a matsayinsa, ya zama abin misali ga iyaye masu yi wa 'ya'yansu faɗa. Kwana Casa'in, wanda Arewa24 ta fara nunawa a 2019, ya kawo wani salon. Jihar Alfawa ƙirƙirarriya ce, Gwamna Bawa Maikada ma haka, amma a yankin da ya fitar da Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015 kafin ya yi gwamna shekara takwas, siyasa abincin yau da kullum ce. Kowa sai ya nemo wa kowane ɗan wasa takwaransa na zahiri, kuma jam'iyyar mai magana ce ke nuna wanda zai zaɓa.

Wannan haɗa mutum da rawarsa yana da daɗin hira, yana kuma da illa. 'Yar wasan da ta iya fitowa a muguwar kishiya har ta sa mutane cizon yatsa ta yi aikinta yadda ya kamata, ladanta a bakin masu kallo kuwa tsinuwa ce.

Akwai wata kotun da matafiyi ba zai gani ba, domin zamanta a cikin gida ne. Tun zamanin kaset 'yan kasuwar fim sun san cewa mata ne ƙashin bayan cinikinsu, shi ya sa labarin kishiya da uwar miji da auren dole ya cika kasuwa. A wajen kitso, a gidan suna, a tsakar gida ana surfe, sharhin mata ya fi na maza bin diddigi. Su ne za su lura cewa amaryar da aka ce 'yar talakawa ce ta canza leshi sau biyar a mako guda, ko mai jegon da ta fito tsaf da jan baki kwana ɗaya da haihuwa. Kuma fim yakan ba su hanyar faɗin abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Matar da ta dage tana la'antar uwar mijin cikin fim, alhali tata surukar na zaune a gefe tana tsinke zogale, ta san inda ta dosa. Surukar ma ta sani.

Masu ilimin boko sukan zargi irin waɗannan masu kallo da rashin sanin fasaha: ba ruwansu da ɗaukar hoto, ba ruwansu da tsarin labari. Zargin yana da ƙamshin gaskiya, amma an cika shi. Kalmomin nazari ne ba su da su, ido kuwa suna da shi. "An ja shi" hukunci ne a kan labarin da aka miƙe don a cika makonni. "Wanki ne" na nufin an ɗauko labarin Indiya an sa masa hula, kamar yadda masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka nuna dangantakar Khusufi na Ali Nuhu da fim ɗin Taal. Sun raba finafinai gida biyu tun tuni, na soyayya da na camama, kuma sun san cewa tun rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014 gidan camama bai sake samun maigida kamarsa ba. Idan kuma fim ya shiga ƙauye, to nan ne manomin Dogon Daji ya fi kowane farfesa. Yana ganin yadda jarumi ya riƙe fartanya ya san hannun nan bai taɓa yin kanta ba. Yana ganin an ce damina ce alhali ga karan dawa a bushe a bayan mai magana.

Abin da ya fi yi wa mai kallo na wannan yanki ciwo shi ne harshe. Kannywood da Kananci take magana. Idan aka ji Sakkwatanci a fim, yawanci a bakin wanda aka kawo don a yi dariya ne: baƙauye, maigadi, ko mai kuɗin da ba shi da wayewa. Sau da yawa ma ɗan wasan bai iya ba, ya ɗauka da ya ce "mi" da "shina" da "munka" ya gama zama Basakkwace. A majalisa akan yi dariyar, sannan a kwaikwayi kuskuren a sake yin wata dariyar, ta biyun da ɗan ɗaci. Ƙasar da ta fitar da malaman jihadi da tarin rubutattun waƙoƙi ba ta cancanci a mayar da harshenta kayan barkwanci kaɗai ba, kuma wannan ƙorafi ne da ya kamata marubutan Kano su ji.

Sai dai alƙalan nan su ma suna da nasu rashin adalcin. Mutumin da zai yi awa guda yana tsine wa 'yar fim ɗin Hausa don gyalenta ya zame, shi ne zai kwana kallon fim ɗin Indiya na fassarar Algaita, rawa da rungume-rungume da komai, bai ce uffan ba. Idan aka tambaye shi, amsar a shirye take: waɗancan al'adarsu ce, wannan kuwa 'yarmu ce. A fassarar Indiya abin da ake aunawa daban ne: zafin faɗa, taurin kan bos, da iya zuba zance na mai fassara, wanda kan cusa karin magana da ba'ar da babu su a asalin fim ɗin. Wato baƙo ana neman nishaɗi a wurinsa, ɗan gida kuwa tarbiyya. Da wannan mudu biyu aka daɗe ana auna Kannywood, kuma ya taimaka wajen sa masu shirya fim tsoron taɓa duk wani labari mai nauyi.

Ra'ayin mai kallo yana da ƙarfi, amma ba kowane irin ra'ayi ba. Na ɗabi'a yana isa inda aka aike shi da wuri. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, bayan dawo da shari'ar Musulunci. A 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa saboda adawar malamai da jama'a, a shekarar ce kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau kan wani bidiyon waƙa. A Mayun 2025 hukumar tace finafinan, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa dalilin cewa ba a kawo su an tace ba. Ƙorafin manomi a kan fartanya, ko na Basakkwace a kan harshensa, ba shi da hukumar da za ta karɓa.

Finafinai masu dogon zango sun ɗan canza lissafi. Da, kafin a yi sharhi an riga an gama fim an sayar. Yanzu labari na tafiya mako-mako, mai shiryawa na jin abin da ake faɗa tun bai gama ɗauka ba. Lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina a 2022, makomar Sumayya, wadda take fitowa a matsayinta, ta zama abin muhawara a ko'ina, mai shiryawa Aminu Saira kuma ya san kowane mataki ya ɗauka akwai masu jiransa. Daga baya ya ajiye wancan labarin ya buɗe sabo da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara.

Amma wa ake ji? Wanda ke da data. Mai shirya fim yana duba yawan waɗanda suka kalla a YouTube, domin daga nan kuɗin talla ke fitowa. Mafi yawan masu kallo a garuruwa irin Dogon Daji kuwa wurin mai turi suke zuwa, a loda musu fitowar mako a memori kan 'yan nairori, sannan ta bi waya-waya har ta zagaye unguwa. Mutum hamsin za su iya kallon abin da aka sauke sau ɗaya. A lissafin Kano mutum guda ne, kuma ko kwabonsu bai isa hannun wanda ya yi fim ɗin ba. Mai turin kansa ya zama wani irin mai sharhi, wataƙila mafi tasiri a garin: shi ake tambaya "mi af fito sabo?", abin da ya ce yana da kyau shi ke tafiya, wanda ya yamutsa wa fuska kuwa ya kwanta.

Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tana da sashen nazarin harsunan Nijeriya, ɗalibansa kuma sun yi rubuce-rubuce da dama a kan jigo da salon finafinan Hausa. Abin da ya rage shi ne a juya a dubi masu kallon. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundinsa a kai ya hau motar Jega ya sauka a Dogon Daji ranar Asabar, washegarin fitowar Labarina, ya nemi izinin mutanen majalisa, ya sayi shayi, ya kunna rikodarsa. Idan mace ce, ta shiga cikin gida, domin can ne rabin shari'ar da ba a taɓa ɗauka ba.