Masu Awon Maganin Dalma a Anka

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura ƙananan yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ashe gubar dalma ce daga dutsen zinaren da ake dakawa a tsakar gida, a Dareta da Abare da 'Yargalma. Yara wajen 400 suka rasu. Wannan labari ya zaga duniya, amma ba a cika ambaton nas-nas ɗin da maganin ya bi ta hannunsu ba.

Sunan maganin DMSA, kafso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Likita ke rubutawa, kuma a tsarin da aka fi sani miligiram 10 ne ga kowane kilo na nauyin yaro, sau uku a rana har kwana 5, sannan sau biyu har kwana 14. Shi ya sa ƙwararriyar nas ba ta yarda da ƙiyasin ido. Sai yaro ya hau sikeli.

Inda gwanintar ta fi burge ni shi ne tantance mai maganin. A layi ɗaya za ka tarar da A'isha ta fi biyar, ga shi uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ko za a kwana ana tambaya. Nas ba ta matsa mata. Takan duba lambar kati, ta tambayi ƙauye da sunan maigida, ta karanta sunan yaron da bakinta: "Inna, shi ne wannan?" Uwa ta gyaɗa kai, an kiyaye kunya, an kuma kauce wa kuskure.

Daga nan ta fasa kafson, ta gauraya garin da ɗan abin da yaro zai iya haɗiyewa, ta tsaya a kansa. Ba ta sa hannu a takarda sai ta ga ya wuce maƙogwaro. In ya amayar, ko rubutun likita bai yi daidai da nauyin da sikeli ya nuna ba, ba ta ƙara ko rage da ra'ayin kanta. Tafiya take ta tambaya, ko da layi zai yi gunaguni.

Wani lokaci umarnin ma na dakatawa ne, domin magani ba ya amfani ga yaron da zai koma wasa cikin ƙurar da ta sa shi ciwo. Shi ya sa yaran garin Bagega sai a 2013, da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, aka fara ba su maganin.