Awon Hankali da Alƙaluma: Tsokaci a Kan Ƙarfi da Raunin Hanyar Ƙididdiga a Ilmin Halayyar Ɗan Adam

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya kafa ɗakin gwaji a birnin Leipzig na Jamus, masana ilmin halayyar ɗan Adam suka rungumi awo da lissafi don su ware fanninsu daga falsafa. Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba inda wannan hanya ta amfanar da kuma inda ta gaza, domin littattafan da muke horar da malamai da su a kanta aka gina su.

2.0 Ƙarfin Hanyar

Babbar fa'idarta ita ce ana iya maimaita bincike a tabbatar da shi ko a ƙaryata shi. Alal misali, a 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan hadda, sannan ta lafa. An sake gwadawa an sami haka, kuma wannan hujja ce ga malami ya gaggauta bita. Haka nan a 1905 Binet da Simon suka tsara awon basira a Faransa don gano yaran da ke bukatar taimako na musamman, maimakon a dogara ga zaton malami kaɗai.

3.0 Raunin Hanyar

Sai dai alƙaluma ba su fin ma'aunin da ya haife su inganci. Daga 1917 sojan Amurka ya auna basirar mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi, da tambayoyin da wasunsu sai wanda ya saba da rayuwar ƙasar zai iya amsawa. Da wannan sakamako Carl Brigham ya yanke hukunci a 1923 cewa baƙi daga kudanci da gabashin Turai ba su kai wasu basira ba. A 1930 shi da kansa ya janye maganar.

Binciken Cole da Glick a cikin Kpelle na Laberiya ya ƙara fito da matsalar fili. An ba mutane kayayyaki su kasa, sai suka haɗa wuƙa da lemo, tun da da ita ake yanka shi. Da aka tambaye su yadda wawa zai kasa, sai suka ware abinci daban, kayan aiki daban, watau amsar da mai binciken yake nema tun farko.

Bugu da ƙari, a 2010 Henrich da abokansa sun bayyana cewa kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka yi bincike a kansu a manyan mujallun fannin sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. A 2015 kuma, da aka maimaita bincike 100, kusan kashi 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Amma a lura, ƙididdiga ce ta tona wannan asiri.

4.0 Kammalawa

Saboda haka ba watsi da hanyar ake bukata ba, sanin iyakarta ake bukata. Yaron Bahaushe da ya sunkuyar da kai gaban malami kunya ce da ladabi yake nunawa, alhali ma'aunin da aka aro yana iya rubuta shi cikin masu tsoro. Shawarata ita ce mai bincike ya fara da lura da hira da jama'a cikin harshensu, ya fahimci abin da zai auna, kafin ya ɗauki alƙalamin lissafi.