Tsofaffin Jaridu da Tarihin Birnin Zariya

A gidaje da yawa na cikin birnin Zariya akan sami akwati cike da tsofaffin jaridu, ko wani littafi wanda maigida ya riƙa yanko labarai yana liƙawa a ciki. Sau da yawa idan ya rasu sai magada su ba mai ƙosai ta ƙunsa kaya da su. Wannan hasara ce babba, gama waɗannan takardu shaidu ne na tarihin garin.

A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin watan Janairu 1939, Malam Abubakar Imam ne editanta na farko. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur. Bayan da aka buɗe Hukumar NORLA a 1954, lardin Zazzau ya sami tasa 'yar jarida, Bazazzaga, don waɗanda suka yi Yaƙi da Jahilci.

Babban amfanin jarida shi ne kwanan wata. Dattijo yakan ce abu kaza ya auku zamanin Sarki Ja'afaru. To, Ja'afaru ya yi sarauta daga 1937 zuwa 1959, shekara 22 ke nan. Jarida kuwa sai ta faɗi shekara da wata, har da rana.

Amma fa jarida shaida ce mai ubangiji. Gwamnatin Turawa ce ta kafa Gaskiya, kuma cikin shekarar nan ta 1939 Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ta zama bakin da hukuma ke yi wa talakawa bayani da shi. Saboda haka labarin Razdan da na sarakuna da ma'aikatan En'e ya fi yawa a cikinta. Marina da dukawa da matan kulle ba safai ake jin muryarsu ba. Wanda ke son sanin zaman matan ƙasar Zazzau sai ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954. Haka kuma jarida takan faɗi wanda aka naɗa sarki, amma yadda aka kai ruwa rana tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, wannan sai a bakin dattawan gidajen.

Littafin liƙe-liƙe kuma yana da nasa aibi. Mai shi abin da ya yi masa daɗi kaɗai ya yanka. Galibi kuma almakashi yakan tafi da sunan jaridar da kwanan watanta, labari ya zama kamar bashi ba shaida.

Saboda haka mai bincike ya kiyaye abu uku. Na farko, ya rubuta sunan jarida da ranar fitarta a ƙarƙashin kowane yanki. Na biyu, ya tambayi kansa wa ya rubuta, don wa kuma. Na uku, ya kai labarin zauren dattawan unguwa, ko Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ya karanta musu. Inda suka saɓa da jarida ya rubuta duka biyu, ya gwama da takardun da ke ajiye a Gidan Arewa, Kaduna. Alƙali ba ya yanke hukunci da bakin mutum ɗaya, mai tarihi ma haka.