Stuart: Rayuwar da Aka Faro daga Ƙarshe

Jama'a, ku ƙyale ni in yi ta zuba a kan wannan littafi! Kwana biyu na yi manne da "Stuart: A Life Backwards" na Alexander Masters, tuwo ya huce, shayi ya yi sanyi, ban ma sani ba. A 2005 ya fito, a shekarar kuma ya lashe kyautar littafin farko ta jaridar Guardian. Wallahi ya cancanta!

Mun saba da tarihin sarakuna da attajirai da 'yan siyasa. Wannan kuwa tarihin Stuart Shorter ne, mai kwanan titi a Kambirij ta Ingila, garin nan na shahararriyar jami'a: mashayi, ɗan ƙwaya, ɓarawo, wanda ya sha zaman gidan yari. Shaƙuwarsa da Masters ta ƙullu ne a fafutukar neman a saki Ruth Wyner da John Brock, shugabannin wata cibiyar taimaka wa marasa matsuguni da aka ɗaure a 1999 kan cewa sun bari ana sayar da ƙwaya a harabarta. Har a ƙofar ma'aikatar harkokin cikin gida da ke Landan masu fafutukar suka kwana don nuna fushinsu.

Ga abin da ya tafi da hankalina. Da Masters ya kammala rubutun farko, sai Stuart ya karanta, ya ce masa abin ba armashi. Ya ba shi shawara ya juya labarin, ya faro daga ƙarshe kamar mai binciken kisan kai, ya gano abin da ya kashe yaron da yake a da. Kai, dabara ke nan! Da farko za ka gamu da mutum mai wuƙa da zafin zuciya, irin wanda in ka hango za ka sauya hanya. Daga nan a yi ta komawa baya da kai: kurkuku, gidajen renon yara, cin zarafin da wansa da waɗanda aka damƙa wa amanarsa suka yi masa, ciwon raunin tsoka da ya sa yara ke yi wa tafiyarsa dariya.

Kada ka ɗauka kuka ne zalla. Stuart na da baki, yana da barkwanci, kullum cikin musu yake da marubucin, har dariya ta riƙa kama ni ni kaɗai a ɗaki. Masters kuma bai wanke shi ba, bai ɓoye yadda yakan ƙure masa haƙuri ba.

Stuart bai ga fitowar littafin ba. Jirgin ƙasa ya buge shi kusa da Waterbeach a watan Yuli na 2002, yana ɗan shekara 33. An yi fim ɗinsa a 2007, Tom Hardy da Benedict Cumberbatch suka fito, amma don Allah fara da littafin.

Da na kusa ƙarshen littafin sai na tarar da ƙaramin yaro mai fara'a, yana wasansa. Na san duk abin da ke jiransa, ba ni kuma da halin ce masa ya tsaya. A nan hawaye ya zubo mini.